Ranar da Ba Ta Kowa Ba

"Yau ranar mi?" in ji Baba Issufu, idonsa a rufe.

Zaituna ta ajiye kwanon kunun da ya ƙi sha, ta saci kallon 'yar radiyon da ta cire wa pil, wato batir, da hannunta, ta gyara murya ta shara ƙarya. "Ranar sauro ta, Baba. Ta duniya baki ɗai."

"Sauro!" Tsohon ya yi 'yar dariyar da ta koma tari. "A'a. Ba ni mutuwa ranar sauro. Mu ga gobe."

Ta fito tsakar gida ta jingina da bango. Ta san ajali ba ya sauraren radiyo, ta kuma yi istigfari ya fi a ƙirga. To amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na Baba Issufu. Tun da aka kawo ta amarya nan Malanville daga Guéné ta same shi a zaure, yana gyaran radiyo. Da wayar hannu ta kashe masa kasuwa, sai ya koma sana'ar da ba mai biya: kullum safiya ya saurari tashoshi, ya fito ya sanar da unguwa ranar me ake ciki. Ranar keke, ranar wanke hannu, ranar da aka haifi wani ɗan ƙwallo, ranar da wata ƙasa ta samu 'yanci. Ranar jakai har gaisuwa yake aika wa masu taurin kai. Matattu ma bai bari ba. Abokinsa Abdulwasi'u mai albasa ya rasu ranar ƙwai, kuma har yau in an ambace shi sai ka ji an ce, "Allah shi jiƙan na ƙwai." Shi kuwa ba shi da ranar haihuwa. Innarsa ta ce masa dai shekarar fara ce, gero na kai.

Shi ya sa ranar da jikinsa ya rikice, likita ta ce a mai da shi gida, radiyo kuma ta ce ranar salga ce ta duniya, tsohon ya buɗe ido a fusace. "Ni da bakina? Ku dinga cewa Issufu na salga? Ba ni mutuwa yau." Bai kuwa mutu ba.

Da yammar nan Zaituna ta kira Nafisatu, 'yarsa tilo, wadda ke aure can Agadas, rabonta da gida tun kafin a rufe gadar kan iyaka da ta haɗa Gaya da Malanville. Nafisatu na kuka tana cewa, "Yaya, ina iske shi?" Bakin Zaituna ya riga hankalinta: "Wallahi kina iske shi." Ta rantse a kan abin da ba nata ba, kuma tun daga lokacin barci ya ƙaurace mata.

Sai ta shiga ƙera ranaku. Ta ba shi ranar sauro, ta ba shi ranar jakai. Da na gaske suka ƙare mata, ta ba shi ranar kuɗin cizo. Mijinta Latifu, wanda shi ke juya tsohon yana yi masa wanka, ya tare ta a bakin ƙofa.

"Ke, ki ji tsoron Allah. Mutum na bakin kushewa kina mai wasa?"

"To mi kake so in yi? In ce mai yau ranar kirki ta, shi tahi?"

Latifu ya tada babur ya nufi bakin gulbi, inda yake wuni yana duban kowane jirgi, ko Nafisatu na ciki.

Nafisatu ta iso Gaya, ga Malanville tana hango rufin kwanonta, amma Kwara, gulbin da ke tsakani, ta cika ta batse. Wani jirgi ya kife da kaya, aka tsai da fito. Ta kwana a bakin ruwa cikin ɗaruruwan mutane, ta sake kwana. Kullum sai ta kira, kullum sai Zaituna ta ce, "Yana nan, ya ma sha kunu." Ƙarya biyu ke nan take goyo, ɗaya a ɗaki ɗaya a waya, ta rasa wadda ta fi nauyi.

Safiyar da aka saki jirage, numfashin tsohon ya sauya. Ƙafafunsa sun yi sanyi har gwiwa. Zaituna ta durƙusa gefen tabarma, ta laluba kanta ta tarar wayam.

"Yau ranar mi?"

"Ranar... ranar tusa ta, Baba."

Kafaɗunsa suka girgiza, dariyar ba ta samu fitowa ba. "Ɗiyar Guéné, ba ki iya ƙarya ba. Ranar sauro cikin damana take. Ta jakai ta wuce tun bazara. Na ƙyale ki na, don na ga kina ƙoƙari."

Hawaye suka ɓalle mata. "To ka ƙara ƙyale ni, Baba. Nafisatu tana bisa ruwa. Wallahi tana bisa ruwa, na rantse mata."

"Na gaji, ɗiyata."

"Na sani. Ranar tusa ta dai. Ka yarda a ce Issufu na tusa?"

Ya rufe ido, ta kai kunnenta bakin hancinsa. Can ya ce, "Kunya dai... ba ta da kyau."

Ta riƙe hannunsa tana murzawa, tana lissafa masa duk wanda zai yi dariya: masu albasa, 'yan babur, liman ma sai ya rufe baki da rawani. Ta yi ta zuba kamar mahaukaciya, tana kuka, tana kasa kunne ga titi. Babur ya wuce, ba na Latifu ba ne. Wani ya wuce. Rana ta hau katanga ta sauko tsakar gida.

Sai ga Nafisatu ta faɗo ɗakin ba sallama, takalmi a hannu, zanenta sharkaf har cinya, domin ba ta jira jirgin ya kai gaci ba. Ta zube a kan tabarma. "Baba! Baba, ni ta!"

Hannun tsohon ya lalubo gefen zanen, ya matse shi, ruwa ya bi yatsunsa. "Kin jiƙe," ya ce. "Ki sake tufa, sanyi na kama ki." Ya daɗe yana riƙe da zanen. Sannan ya juyo da ido wajen Zaituna. "Yanzu hwaɗa min gaskiya."

Tun da asuba ta riga ta saurari radiyon gidanta a ɓoye, kamar kullum. Ta share fuska da gefen kallabi. "Ba su ce komi ba, Baba. Ba ranar kowa ba ta."

"Ko ɗan ƙwallo?"

"Ko ɗan ƙwallo."

"To," in ji shi, "a bar min ita."

Nafisatu ce ta laƙana masa kalmar shahada. Kafin la'asar maza sun ɗauke shi.

Da gidan ya cika da mata, Zaituna ta shiga ɗakin don ta naɗe tabarma. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro pil ɗin nan biyu ta mayar cikin radiyon, amma ba ta kunna ba. A gefen tabarmar, inda Nafisatu ta durƙusa, ruwan gulbi bai gama bushewa ba.