Tsaftar da Ta Ja wa Radojka

Kilo sittin da biyu Radojka ta sauke bayan an yi mata aikin rage tumbi, kuma duk unguwarsu a birnin Niš sai da aka taya ta murna. Abin da ba wanda ya gani shi ne fatar. Kitse ya tafi ya bar buhunsa, ya zubo mata har cinya. A gidan burodin da take aiki gumi yake taruwa a ƙarƙashin fatar, wurin ya saɓule, ya yi ruwa, ya yi wari. Abokan aiki har sun fara buɗe taga in ta shigo.

Inshorar lafiya tana biyan aikin yanke irin wannan fata, amma sai kwamitin likitoci ya yarda cuta ce, ba kwalliya ba. Wata goma sha ɗaya ta jira kafin a sa mata rana.

Mu kuwa nan ba ma zuwa gaban likita da ƙazanta. Mutum yana shure-shuren mutuwa zai ce a miƙo masa sabon kamfai. Saura mako uku, sai ga uwarta Stana daga ƙauye da kwalbar jan man kantarion, wani tsiron magani wanda ta jiƙa furensa kwana arba'in a rana.

"Kwanta, 'yar nan. Ba 'yata ce za ta tuɓe gaban manyan likitoci tana wari ba. Su ce daga wane gida ta fito?"

Radojka ta ɗauki hutu, ta kwanta gaban fanka, tsohuwa tana wankewa tana shafawa. Man kuwa ya yi aiki, Allah wadaran aikinsa.

Ranar kwamiti wata likita mai furfura ta sa safar hannu ta ɗaga fatar.

"Lafiya lau. Ko ƙurji babu. Ina takardun likitan fata?"

"Ban taɓa zuwa ba, Likita. A gida muke yi."

"Shekara biyu kina fama, ko sau ɗaya ba ki je ba?"

"Wa zai kai wa mutane wannan abin kunya?"

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ita kuwa ta ɓoye nata tas. Aka buga hatimi: kwalliya. Radojka ta riƙe bakin tebur tana rantsuwa da ran 'ya'yanta cewa watan jiya ko zama ba ta iya yi. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san da wannan fatar ba za ta ƙara shekara gaban tanda ba, kuma ba ta da wata sana'ar.

Likitar ta biyo ta baranda, ta rage murya. "Na yarda da ke, amma takarda ba ta jin rantsuwa. Sai likitan fata ya ga ciwon ɗanye sau uku cikin wata shida, ya rubuta. Ki kai shi yadda yake."

Ta koma aiki a tsakiyar Yuli, ta roƙi a bar ta a bakin tanda wuni guda kullum. Stana tana bin ta da kwano da tsumma tana kuka.

"Kin haukace? Da hannunki za ki ruɓar da kanki?"

"Mama, in kina ƙaunata, ki koma ƙauye."

Kwana goma sha tara ta yi tana cije leɓe. Ranar da ta je asibiti, matar da ke kusa da ita a benci ta tashi ta canza wuri. Radojka ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ba ta motsa ba.

Likitan fata, wani saurayi, ya ɗaga fatar ya kawar da kai.

"Baiwar Allah! Me ya sa kika bari ya kai haka?"

Hawaye na zuba, ta tura masa katinta.

"Rubuta, ɗana. Don Allah rubuta duka. Saura biyu."