Cikon Na Goma Sha Biyu

Malam Aƙilu ya sake bin sahu da yatsa, karo na uku. Goma sha ɗaya. Ya leƙa bayan ginshiƙi, babu kowa sai buta.

Shekara tara ke nan yana liman a Unguwar Ɗorawa, bai taɓa yin huɗuba ba. Ka'ida ita ce sai an sami maza mazauna goma sha biyu ban da liman kafin Juma'a ta tsayu, su kuwa kullum saura ɗaya. Matan garin, kamar da gayya, 'ya'ya mata suke ta haifa. Duk Juma'a sai a naɗe wando a ratsa rafi zuwa Maska. Abin nan yana ci wa Malam rai ƙwarai.

Da damina ta kama, Allah ya kawo Hussaini, wani falke mai kanwa da ayarinsu ya bari a baya, jakar da yake hawa ta kafe da shi a laka. Aka ciro shi, aka ba shi ɗaki da gona, Gwaggo, ƙanwar mahaifin Malam, ta riƙa aika masa tuwo. Da mutane suka sare giginya za su shimfiɗa a kan rafin, Malam ya hana. In hanya ta yi kyau, ai mutumin tafiya zai yi.

Yau ce ranar. Sarkin Maska ya ba da izinin Juma'a, Hussaini na zaune a sahun gaba.

"Wa ya ɓace?" in ji Malam.

"Jibo. Kai ka aike shi Maska da asuba, aron littafin huɗuba."

Ashe an yi ruwa a gabas, rafi ya kawo. Aka ɗunguma bakin ruwa. Ga Jibo can ƙetare, littafi ɗaure a ka.

"Malam! Fara kawai, ina ji daga nan!"

"Ba a Juma'a da ihu, Jibo!"

Idon Malam ya faɗa kan guntun giginyar nan da ke kwance cikin ciyawa. Yanzu ko maza ɗari ba za su iya shimfiɗa shi ba. Kunya ta rufe shi, ya kau da kai.

Hussaini ya yi gyaran murya. "Allah gafarta Malam, akwai mashigi can sama, wajen kanya. Jakata ta san shi. Ta nan nake zuwa cin kasuwa."

"Kana fita garin nan?"

"Duk mako."

"To me ke dawo da kai?"

"Miyar Gwaggo."

Hussaini ya hau jakar, ya nufi kanya. Malam ya juya ya ƙirga: goma. Ya dafe ƙirji.

Can sai ga jaka ta ɓullo, Jibo a kanta, littafi ko ɗigo bai taɓa ba. Aka yi ta hamdala. Malam ya karɓa, ya ƙirga. Goma sha ɗaya.

"Ina Hussaini?"

"Ai mutum ɗaya take ɗauka," in ji Jibo.

Ga Hussaini a ƙetare, daidai inda Jibo ya tsaya ɗazu, yana ɗaga hannu. Aka juya jakar don ta koma. Aka tura, aka ja, aka nuna mata dusa. Ta zagaye su, ta je ƙofar masallaci ta tsaya a inuwa, ta ƙi motsi.

Malam Aƙilu ya bi ta a baya, littafi a hammata. Ya dubi maza goma sha ɗayan nan. Ya dubi jaka. Ya daɗe yana dubanta, har leɓensa ya fara motsi.

Gwaggo ta leƙo ta saman dangarta.

"Aƙilu, kada ma ka fara," ta ce. "Mace ce."