Abin da Ke Shan Batirin Madam Solanj

Ni ne mai gyara na uku da Madam Solanj ta kawo wa motarta. Na garin Agadir da na Tiznit kowa ya sa mata sabon batir, kwana biyu ya mutu.

Motar irin mai gado da murhu ce, wadda tsofaffin Faransa ke gangarowa da ita garinmu Sidi Ifni na bakin teku duk lokacin sanyi. Tun da na bar makaranta nake gyara musu wutar mota. Su zo, su wuce, ni ina nan.

"Mbarek," in ji ta, "ɗana ya ce in ta sake mutuwa in sayar da ita, in koma gida in zauna. Wai tsohuwa da tsohuwar mota, ɗaya za ta kashe ɗaya."

"Ke kam da sauranki, Madam. Motar ce ban sani ba."

"Daɗin baki. Duba min dai."

Bara mijinta Fernan ya rasu. Wannan ne zuwanta na farko ita kaɗai, ita ke tuƙi.

Na kashe firij da fitilu da famfon ruwa, na ɗora mitar awon wuta a batirin. Wuta na fita. Na zare fis ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare, ba ta daina fita ba. Ke nan akwai wayar da ba ta bi ta akwatin fis ba. Na kwanta a ƙasa na lalubi bayan batirin, sai ga wata siririyar ja. Na bi ta ƙarƙashin darduma har gaban kujerar mai zaman gefe. Ina ɗora hannu na ji wurin da ɗumi, alhali tun jiya ba a tayar da inji ba.

Shimfiɗar ɗumama ƙafa ce aka ɓoye. Makunninta na ƙarƙashin kujerar direba, daidai inda hannun hagu zai kai.

"Madam, kin matso da kujerar nan gaba?"

"To da ƙafar wa zan taka birki? Fernan dogo ne kamar falwaya."

"Ƙarfen kujerar ne ya danne makunnin. Tun daga Faransa abin nan ke kunne."

"Wane abu?"

Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta zagaya, ta cire takalma, ta zauna a kujerar gefen, ta ɗora ƙafafunta.

"Shekara goma sha ɗaya," ta ce, "ina yabon injin motar nan, wai yana ɗumama min ƙafa. Fernan kuma ya ce, eh, inji ne mai kirki."

Na fita na tsaya ina kallon teku, don kada ta ga ina ganinta. Da na dawo, almakashin waya na hannuna.

"In yanke ta, Madam? Shi ne mafi sauƙi."

"Yanke hannunka. Ɗauko makunnin ka sa min inda zan gan shi."

Na kafa shi kusa da sitiyari, na ƙara masa fis da ɗan jan ƙwan fitila mai nuna yana kunne. Ta gwada sau uku.

Bayan kwana biyu ta tsaya a ƙofar shagona. Na ɗora mita, batir cike.

"Me za ki ce wa ɗanki?"

"Zan kira shi daga Tarfaya, can kudu."

Ta ɗaga min hannu, ta karya kan motar kudu. Jan ƙwan na kunne.