Lambar Zaharaddeen

Zaharaddeen ɗan garin Dandin Mahe yana ajin ƙarshe a jami'a, yana karatun noma, lokacin da laburare ta ba kowane ɗalibi lambar sirri. Da ita, kana kwance a ɗaki sai ka buɗe littattafan duniya a wayarka. Ma'aikaciyar laburaren ta ja musu kunne: kowa da tasa, ba a ba da aro.

To, a garin da ake aron garma da jaki, da wane baki mutum zai hana lamba, abin da ko an ara ba ya raguwa? Da ya zo hutu, tsohon malaminsa na firamare ya nema, ya ba shi. Wata ma'aikaciyar asibiti a Shagari mai shirin jarrabawa ta roƙa, ya ba ta. Sai Maniru ɗan kawunsa, mai shagon buga takardu a Bodinga. Kawun nan kuwa shi ya riƙe Zaharaddeen tun rasuwar mahaifinsa, shi ya sa shi makaranta.

Shi Maniru bai san kaɗan ba. Ya tayar da janareta, ya yi ta kwaso littattafai kamar mai kwasar ganima, yana bugawa yana sayarwa. Kamfanin da ke da littattafan ya lura, ya rufe wa jami'ar gaba ɗaya, ɗalibai suna tsaka da rubuta binciken kammalawa. Na'ura kuwa ba ruwanta da zumunci. Aka duba, sai ga lambar Zaharaddeen.

Kwamitin ladabtarwa ya ba shi zaɓi. Ko dai ya faɗi wanda ya yi a miƙa shi ga 'yan sanda, shi kuma a dakatar da shi na wani lokaci, ko kuwa ya ɗauki laifin a kore shi. Ya fita ya kira mahaifiyarsa.

"Ɗan wan nawa za ka kai ma 'yan sanda?" in ji ta. "Wanda ubanai yar riƙe ka? Walle kada in ji. Ka yi hanƙuri, Allah shina gani."

Ya koma ya tsaya gaban kwamitin. "Ranku shi daɗe, ni nay yi."

Aka kore shi. Ranar da ya kwaso kayansa, mota ta tsaya a Bodinga sauke fasinja. Ya sunkuyar da kai, don ba ya son ganin kowa. Amma Maniru ya hango shi daga shago, ya taho yana share tawada a hannu, ya leƙo ta taga.

"Ɗan'uwa, an yi hutu ke nan? Lambag ga taka hwa ta daina buɗewa. In canza ta kay yi, ka hwaɗa mani sabuwar, mutane na jira."