Malama Losalini da 'Yar Autar Vasemaca

Tun da mai kwalekwale ya kawo saƙon cewa Malama Losalini na tafe ranar Asabar, Vasemaca ta rasa inda za ta sa kanta. Ta je gonar gwaza ta dawo hannu rabbana. Ta ɗauki saƙar tabarma, ta ajiye. Ta yi ta sharar tsakar gida har mijinta Sairusi ya ce, "Maman Una, ki rage mana ƙasar da za mu taka mana."

Malama Losalini tsohuwar malamar makaranta ce a garin Nausori, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta hannun cocin ƙauyen ta ɗauki nauyin Unaisi, 'yar autar Vasemaca da ake kira Una, tun shekarar da ambaliya ta share musu gona. Ita ke ɗinka mata kayan makaranta, ita ke sayen littattafai, da gyambo ya kama ƙafar yarinyar ma ita ta tsaya har ya warke. Yanzu kuma tana son Una ta koma wurinta ta yi karatu a gari.

"Mene ne abin tashin hankali?" in ji Sairusi. "Can ga lantarki, ba ƙetare kogi kowace safiya."

"Shekararta bakwai fa, Baban Una."

"Ni ina shekara bakwai ai..."

"Kana shekara bakwai zakara ke korarka. Babarka ta ba ni labari."

Ya yi dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba.

Ranar Asabar Malama ta iso da laimarta da ƙullin saiwar yaqona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha, tsarabar gaida dattawa. Aka ci kifi da ganyen gwaza a ruwan kwakwa. Tana ci tana ba da labarin ɗakin da ta gyara wa Una, har da sabon gado da labule. Vasemaca kuwa sai ta tashi ɗebo ruwa, ta zauna, ta sake tashi korar kare.

"Ƙanwata, zauna don Allah," in ji Malama. "Jiri kike sa ni."

Vasemaca ta durƙusa a bakin tabarma. "Malama, abin da kika yi mana ko ɗan'uwa na jini bai yi ba. Amma yarinyar nan har gobe ba ta barci sai ta riƙe kunnena. Ki bar min ita tukuna."

Sairusi ya sunkuyar da kai. Malama ta ture kwanonta gefe. Can ta wanke hannu, ta shafa kan Una, ta ce a kira mata mai kwalekwale.

Daga ranar hankalin Vasemaca bai sake kwanciya ba. Da ta ji ƙarar inji a kogi sai ta saki abin da take yi ta ruga bakin ruwa, ta dawo ba wani saƙo daga Malama. Matan unguwa suka ce ta sa ƙafa ta shure arzikin 'yarta. Rigar makarantar Una ta ɗage, ta warware kalmasar ta sake ɗinkewa. Wani lokaci ta ji ta yi daidai, kafin ruwan shayi ya tafasa ta ji ta cuci yarinyar.

Ana gab da hutu mai kwalekwale ya ƙwala mata kira daga kogi. "Maman Una! Malama ta ce in an yi hutu ki kawo ta, amma ke ma ki zo. Ta ce kar ki aiko ta ita kaɗai."

Suka tafi, kwalekwale sannan bas, da buhun gwaza a ƙarƙashin kujera. Malama ce ta buɗe ƙofa da kanta.

"Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba," ta ce. "Na yi kuka ma. Ku shigo."

Una ta wuce su ta tsaya gaban famfo tana buɗewa tana rufewa. A nan suka yi hutun gaba ɗaya. Da lokacin komawa ya yi, Malama ta auna tsawon yarinyar, ta kai wa tela sabon yadin kayan makaranta, sannan ta raka su tasha tana faɗa da kwandasta ya ba su kujerar gefen taga.