Hannuwan da Imoro Ya Sassaƙa

Su uku ne a ɗaki ɗaya a unguwar Al Khabaisi, can ƙasar Larabawa: Imoro, tsohon sojan Ghana da ke tuƙa motar kargo ta ɗaukar kaya, matarsa Fuseina, da 'yarsu Fauzia mai shekara goma sha ɗaya. Abinci bai yanke musu ba. Masassaƙi ne babu a gidan, ga shi malamar zane a makarantar su Fauzia ta ce ranar Lahadi kowa ya kawo hoton da aka sassaƙa a katako, aka shafa tawada aka buga a takarda. Iyaye na iya taimakawa. Biyar mafi kyau za a liƙa a bango, Fauzia kuwa ta riga ta faɗa wa ƙawayenta nata na ciki.

Ranar Juma'a bayan la'asar Imoro ya ɓalle katakon wani akwatin kaya, ya zauna da wuƙa. Hannuwa biyu ya yi, an ɗaga ana addu'a. Da aka buga, yatsun suka fito a karkace, tafin duk ya tsattsage.

"Wannan addu'a ce ko rogo?" in ji Fuseina.

"Mma, kada ki zagi rogo," Fauzia ta ce.

"Yalla, ku yi dariyarku," in ji Imoro.

Fauzia ta ɗauko samfefa za ta goge katakon ya yi sumul, sai ta tsaya tana kallon takardar.

"Baba, ya yi kama da na Jamusawa da Malama ta nuna mana. Hotunan addininsu ne, amma fuskokin a rame, kamar da gatari aka sara. Ta ce daga yaƙi masu yin su suka dawo."

"Su ma ba su iya ba ke nan," in ji Fuseina.

"Ta ce sun iya sarai."

Imoro ya daɗe yana juya wuƙar a hannunsa.

"Wani tsoho ne a Laberiya lokacin yaƙi, a bakin gada," ya ce. "Haka ya ɗaga hannuwansa lokacin da muka iso. Fuskarsa ta ɓace mini, hannuwan ne suka ƙi tafiya." Ya yi 'yar dariya. "Khalas, shi ke nan. Goge abinki, kada a ce ubanki manomin rogo ne."

Fauzia ta ajiye samfefar. Ranar Lahadi ta kai hoton yadda yake, ba a kuwa liƙa shi a bango ba. Ta naɗo shi a hankali ta dawo da shi gida. Ta gane cewa Baba bai yi kuskure ba, abin da ya gani ne ya sassaƙa.