Mai Askin da Aka Hana Dariya

Mai aski yana da wani ɗan aibi: shi yake fara yi wa labarinsa dariya tun bai kai ƙarshe ba. Sau da yawa masu jiran layi sukan koma gida ba su ji yadda aka ƙare ba. Bai taɓa zaton abin zai iya kashe shi ba sai da ya je wurin likita.

Likitan ya ce bututun iskar maƙogwaronsa ne ya yi laushi kamar tsohon tiyo. In ya fitar da numfashi da ƙarfi, ko tari ko dariya, sai bututun ya manne, iska ta rasa hanya. Ya koya masa ya tsuke baki ya riƙa hurawa a hankali kamar mai huce shayi. Sau ɗaya abin ya taɓa kama shi a banɗaki, shi kaɗai. Tun daga nan ya kashe rediyon shago, ya koma hirar ciwon baya. Matarsa kaɗai ya gaya wa. Sauran jama'a suka ɗauka girma ne ya zo masa a makare.

Wata rana da hantsi Direba, abokinsa tun suna yara, ya shigo da hula har kunne. Ya rufe ƙofa ya jingina da ita.

"Lafiya?" in ji mai aski.

"Autana ne ya ce ya iya aski. Na ba shi inji. Muna farawa aka ɗauke wuta."

Ya cire hular. Hanya ce fes daga goshi zuwa tsakar ka, gashi tsaye hagu da dama kamar ciyawar gefen titi.

Mai aski ya ji abin ya taso masa daga ƙarƙashin haƙarƙari. Ya cije leɓe. Ya tuno ranar rasuwar mahaifinsa, ya riƙe ta gam.

"Uwarsa ta ce wai ya yi ƙoƙari," in ji Direba.

Dariyar ta ƙwace. Ta fito sau biyu, ta uku ta maƙale. Ƙirjinsa ya cika da iskar da ta ƙi fita, wani siririn fito yana tashi daga wuyansa. Almakashi ya faɗi. Ya durƙusa cikin gashin mutane, hannu a maƙogwaro, gefen idonsa yana duhu. Direba yana ta bubbuga masa baya yana kiran sunansa, mai aski ya ture shi. Ya tsuke baki. Ba komai. Ya sake. Iska ta fito kamar zare, ta tsinke, ta sake fitowa.

Ya daɗe a ƙasa yana huce shayin da babu shi.

"Ɗan'uwa, tun yaushe kake da wannan?" in ji Direba.

"Kada ka ƙara magana. Ko kalma ɗaya."

"Na yi shiru. Amma ka rufa min asiri ka gyara, fasinja na jira."

Direba ya zauna a kujera, ya fuskanci madubi. Mai aski ya dafa bango ya miƙe, ya laluba inji, idonsa a ƙasa.

Bai ga abin da autan ya yi wa ƙeyar ba tukuna.